Giyar hannu ko otomatik: wacce ta fi ƙarko a motocin gudu, wacce kuma ta fi cin kuɗin gyara?

Akwai wata magana da kusan duk mai mota ya haddace: wai giyar hannu ba ta mutuwa, ita kuwa otomatik ranar da ta kwanta sai ka sayar da fili. Za ka ji ta a gareji, za ka ji ta a bakin dillalai, har wanda bai taɓa riƙe sifana ba yana faɗinta da ƙarfin gwiwa. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma ta kwana biyu. Inda ya fi dacewa a gwada ta shi ne motocin gudu, irin su Porsche 911 da Ferrari da Chevrolet Corvette da Nissan GT-R, domin a cikinsu ne giya take shan wahalar da ta fi kowacce, kuma a nan ne ƙaramin rauni yake saurin fitowa fili. Ko ba ka da niyyar sayen irinsu, zancen ya shafe ka, saboda fasahar da aka gwada a jikinsu ita ce take gangarowa cikin Golf da Passat da BMW ɗin da ake shigo mana da su bayan shekara goma.

Tambayoyi biyu ne mutane suke cakuɗawa. Ta farko: sau nawa giyar take lalacewa? Ta biyu: idan ta lalace, me za a kwance, wa zai iya aikin, kuma awa nawa zai ci? Amsar ta farko ba ita ce amsar ta biyu ba, kuma yawancin musun da ake yi daga nan yake tasowa.

Aikin giya, a taƙaice

Injin fetur yana da taurin kai iri biyu. Ba ya iya fara juyi daga tsaye yana ɗauke da nauyin mota. Idan juyinsa ya yi ƙasa sosai sai ya mutu. Sannan ƙarfinsa na gaske yana fitowa ne a wani zango na juyi kawai. Injin Porsche 911 GT3 yana kaiwa juyi 9,000 a minti ɗaya, alhali tayar mota mai gudun kilomita 100 a awa ba ta wuce juyi 800 da ɗoriya ba. Don haka dole a samu abin da zai haɗa inji da taya ya kuma raba su, sannan a samu abin da zai riƙa canja ma'aunin juyin, kamar yadda kake yi a keke mai giya idan za ka hau tudu. Duk wata giya a duniya waɗannan ayyuka biyun take yi. Bambancin kawai shi ne wa yake yin su, kuma da me.

Giyar hannu: kaya mai araha, wuri mai wuyar kaiwa

A giyar hannu, kuloci ne mai haɗawa da rabawa. Faifai ne mai fuska irin ta birki, an matse shi tsakanin filawil da wani faranti mai sifirin. Duk lokacin da ka tashi daga tsaye, faifan nan yana ɗan zamewa kafin ya kama, kuma kowace zamewa tana cin fuskarsa. Wato an yi shi ne domin ya cinye, kamar takalmi. A cikin akwatin giyar kuma akwai wasu zobba, yawanci na tagulla, da ake kira sinkuro, waɗanda suke daidaita juyin haƙora biyu kafin su shiga juna. Idan suka cinye sai ka fara jin "gurrr" lokacin shiga giya ta biyu ko ta uku. Bayan waɗannan sai boris-boris da silinda mai tura kuloci. Shi ke nan. Babu famfo, babu bawul, babu kwamfuta.

Wannan sauƙin shi ne ƙarfin giyar hannu, kuma ba na musunsa. Lalacewarta tana ba da sanarwa: kuloci zai fara zamewa a giya ta sama, ka taka totur inji ya yi ihu mota ba ta ƙara gudu ba, kana da makonni kafin ta ajiye ka a hanya.

Inda mutane suke yin kuskuren lissafi shi ne kuɗin aiki. Kuloci yana zaune ne tsakanin inji da akwatin giya, ba yadda za ka kai gare shi sai ka raba su. To a motar gudu, injiniyoyi ba sa tunanin makaniki lokacin da suke zana inda kowane abu zai zauna. Tunaninsu yadda za a raba nauyi tsakanin gaba da baya.

Ɗauki Mazda MX-5. Inji a gaba, giya a manne da shi, farfela ta tafi baya. A cire salansa da farfela, a zame giyar, ga kuloci. Makaniki mai hannu zai gama a yini ɗaya. Yanzu kwatanta da Corvette daga samfurin 1997 har zuwa na 2019. A waɗannan, inji yana gaba amma akwatin giya yana can baya tsakanin tayoyin baya, an haɗa su da wani dogon bututu mai ƙarfi da sandar juyi take bi ta ciki. Kuloci yana gaba a jikin inji. Kafin ka gan shi sai ka sauke ƙafafun baya, ka sauke giyar, ka zare bututun nan gaba ɗaya. Abin takaicin ma, silindar da ke tura kulocin tana can ciki, don haka ko ita kaɗai ta fara yoyo, duk wannan aikin za a yi. Porsche 944 ta shekarun 1980 irin ginin ke nan, kuma canjin kulocinta ya yi suna a matsayin aikin da kuɗin hannu yake ninka kuɗin kaya.

Wani abin mamaki: Ferrari 348 da F355, motocin da sai an sauke injinsu ɗungurungum kafin a canja bel ɗin da ke juya bawul, kulocinsu yana can ƙarshen bayan giya, kusa da bamba. Ana iya kaiwa gare shi ba tare da an taɓa inji ko an sauke giya ba. Ka ga ke nan sunan mota ko tsadarta ba su ne suke faɗa maka wahalar aikin ba. Inda aka ajiye abin ne.

Wannan ne ya haifar da al'adar "tunda an riga an buɗe". Masu Porsche 911 samfurin 996, wanda aka fara a 1997, sun san akwai wani boris a ƙarshen wata sanda a cikin injin da yake iya fashewa ya kashe injin baki ɗaya. Boris ɗin yana bayan filawil. Saboda haka duk wanda zai canja kuloci, a lokacin ne yake canja shi, haɗe da robar da ke tare baƙin mai a bayan inji. Kuɗin kwancewa ɗaya, aiki uku.

Raunin da ba a rubuta a takardar mota ba

A giyar hannu, kwamfutar da ke yanke shawara ita ce kai. Kuma, ka yi haƙuri, ɗan Adam ba na'ura ce mai tabbas ba.

Ka ce kana giya ta uku, inji yana juyi 7,000, kana son shiga ta huɗu, hannunka ya goce ka jefa ta biyu. Mu ƙaddara, don misali, ma'aunin ta uku 1.5 ne, na ta biyu 2.2. Da ka saki kuloci, tayoyi ne za su tilasta wa inji juyi: 7,000 sau 2.2 a raba da 1.5, wato sama da 10,200. Na'urar da ke hana inji wuce iyaka ba za ta cece ka ba, domin ita mai kawai take iya yankewa, nan kuwa ba mai ne yake juya injin ba, nauyin motar ne. Sifirin ɗin bawul ba sa iya rufe su da wannan saurin, fistin ya tarar da su a buɗe, su lanƙwashe. Cikin daƙiƙa ɗaya an gama da inji. Masu motocin gudu a Amurka har laƙabi suka yi wa wannan kuskuren, mai ma'anar canjin giyar da ke cinye kuɗi.

Porsche ta ɗauki abin da muhimmanci har ta sa kwamfutar injin tana ajiye tarihin duk lokacin da aka wuce iyaka. A samfurin 997 an kasa shi mataki shida, kuma mataki na sama-sama ba yadda za a kai su sai ta irin wannan kuskuren. Giyar otomatik, kowace iri ce, ba za ta yarda ta shiga giyar da za ta fasa inji ba, ko ka danna mata sau goma. Idan ana lissafin ƙarko ana mantawa da wannan, saboda asarar tana faɗawa kan inji ne, sai a rubuta ta a wani shafin.

Haka ma tsawon ran kuloci. Direba ɗaya zai yi kilomita dubu ɗari da hamsin da shi, wani kuma mai ɗora ƙafa a kansa a gosulo, ko mai son tashi da hayaƙin taya, ya ƙone shi cikin wata shida. Sannan ita kanta giyar hannu ba ta tsira daga kuskuren masana'anta ba. Ford Mustang ta 2011 ta zo da giyar Getrag MT82 da aka yi ta ƙorafi a kan wahalar shigarta, har hukumar kiyaye haɗurran hanya ta Amurka ta buɗe bincike a shekarar, ko da yake ta rufe shi ba tare da ta ce a janye motocin ba. Ita ma MX-5 ɗin da na yaba ɗazu, sabon samfurinta da ya fito a 2015 ya yi fama da karyewar haƙoran giya a farko-farko, sai da Mazda ta yi ta gyara ƙirar.

"Otomatik" ba abu ɗaya ba ne

Nan ne zancen yake da daɗi. Idan mutum ya ce maka otomatik ba ta da ƙarko, tambaye shi wacce. Na'urori uku ne daban-daban suke amsa wannan sunan a motocin gudu, abin da ya haɗa su kawai shi ne babu fedar kuloci.

Ta farko giyar hannu ce sak, sai dai an cire ƙafarka da hannunka an sa famfon mai da bawul-bawul da kwamfuta a madadinsu. Daga tseren Formula 1 ta fito. A 1989 Ferrari ta shigo da mota mai irin wannan giyar, ƙirar John Barnard, kuma Nigel Mansell ya ci tseren farko da ita a Brazil. Bayan nan motar ta yi ta mutuwa a tsere bayan tsere. Da aka bi diddigi, ba haƙoran giyar ne matsalar ba. Wutar lantarkin da ke ciyar da na'urar sarrafa ta ce take gazawa. Ka riƙe wannan, domin kusan duk tarihin lalacewar otomatik na zamani maimaicinsa ne: ƙarfen lafiya lau, mai ba shi umarni ne ya rikice.

A 1997 fasahar ta sauko titi a Ferrari F355 F1, Lamborghini kuwa ta kira tata e-gear, Maserati ta ce Cambiocorsa, BMW ta ce SMG. A filin tsere suna da kyau. A cikin gari kuwa azaba ne. Kulocinsu busasshe ne guda ɗaya irin na giyar hannu, amma kwamfutar ba ta ganin hanya. Ba ta san cewa motar gabanka za ta sake tsayawa bayan taku uku ba, don haka sai ta yi ta riƙe kuloci rabi-da-rabi. Gosulo da yin ribas a kan tudu su ne manyan maƙiyansa. Idan an canja kulocin ma ba a gama ba, sai an haɗa motar da na'urar kamfanin an koya wa kwamfuta daidai inda sabon faifan yake fara kamawa. A yi kuskure a nan, sabon ma ya ƙone da wuri.

BMW M3 samfurin E46 ta ba mu gwajin da masu bincike suke mafarkin samu. Akwatin giyarta, na Getrag mai giya shida, kusan iri ɗaya ne a mai fedar kuloci da mai SMG. Abu ɗaya ne ya bambanta: famfo da na'urorin sarrafawa. Kuma abin da ya yi suna wajen ajiye masu SMG a hanya shi ne wannan famfon da abubuwan da ke kewaye da shi. Har sana'a ta samu ta mayar da su giyar hannu. A kan wannan nau'in dai, tsohuwar maganar gareji ta yi daidai ɗari bisa ɗari, kuma kamfanonin da kansu sun watsar da shi.

Ta biyu ita ce mai kuloci biyu. Ka ɗauka akwatunan giya biyu ne a cikin gida ɗaya: ɗaya yana riƙe da giya ta 1, 3, 5, 7, ɗayan yana da 2, 4, 6. Kana tafiya a ta uku, ta huɗu ta riga ta shiga tana jira. Canji kawai sakin wannan kuloci ne da kama wancan, ƙasa da ƙiftawar ido. Porsche ta gwada ta a motocin tserenta 956 da 962 a shekarun 1980, amma Volkswagen ce ta fara sayar da ita ga jama'a a 2003 a Golf R32 da sunan DSG. Porsche ta kawo tata, PDK, wadda ZF take ƙerawa, cikin 911 a 2008.

A motocin gudu, kulocin nan biyu yawanci a cikin mai suke iyo, man yana kwashe zafi, don haka ba sa cinyewa kamar busasshe. PDK ta yi suna da ƙarko. Motoci da yawa suna ƙare rayuwarsu da kulocin da suka fito da shi daga masana'anta. Amma ga inda gizo yake saƙar. A cikinta akwai wata sensa da ke gaya wa kwamfuta inda kowace sandar canjin giya take. Idan ta rikice, motar za ta ƙi shiga giya ko ta maƙale a guda. Sensar ƙaramar aba ce, amma shekaru da yawa tsarin Porsche shi ne ba a buɗe PDK a garejin dila, ba a kuma sayar da kayan cikinta ɗaiɗai. A sauke ta a sa wata. Wato lalacewar abin da bai fi tafin hannu ba ta zama sayen giya sukutum. Sai daga baya garejoji masu zaman kansu suka koyi buɗe ta, wasu kamfanoni suka fara ƙera sensar, farashin gyaran ya faɗo ƙwarai. Giyar ba ta canja ba ko kaɗan. Ilimi da kayan gyara ne suka yaɗu.

Nissan GT-R samfurin R35, da ya fito a Japan a 2007, ya nuna wani gefen. Yana da tsarin tashi da ƙarfi: ka kashe na'urar hana zamewa, ka taka birki da totur tare, inji ya tsaya a juyi 4,500, ka saki birki. Da yake duk tayoyi huɗu suna ja kuma ba sa zamewa, duk bugun yana ƙarewa a haƙoran giya ta ɗaya. Wasu suka karye. Nissan ta ce kashe waccan na'urar ya fitar da su daga garanti, kuɗin sabuwar giya kuma ya kai wajen dala dubu 20. Aka je kotu a Amurka, kamfanin kuma ya sake rubuta manhajar ya sassauta tashin. Lura da maganin: manhaja aka canja. A giyar hannu, irin wannan tashin kuloci ne yake fara ƙonewa, kuma shi ne abu mafi araha a layin, kamar fis a wayar lantarki.

Ta uku ita ce tsohuwar otomatik da ka sani, jikar Hydra-Matic da General Motors ta sa a Oldsmobile ta 1940. Wadda ke kan titi yau ba ta amfani da faifai wajen tashi. Ka ajiye fanka biyu suna fuskantar juna, ka kunna ɗaya, iskarta za ta juya ɗayar. To haka ne, sai dai mai ne a madadin iska, a cikin rufaffen ƙoƙo. Tunda babu abin da yake gogar wani, tashi daga tsaye sau dubu a gosulo ba ya cinye komai, zafi kawai yake haifarwa. Da mota ta ɗauki hanya sai wani kuloci na ciki ya kulle ɓangarorin biyu don kada a yi asarar ƙarfi.

Da can masu motocin gudu raina ta suke yi, wai ta tsofaffi ce. Abin ya canja da zuwan ZF 8HP mai giya takwas a wajen 2009. Tana fitar da giya takwas ɗin ne da jerin haƙora huɗu masu zagaya juna da maƙamai biyar kacal, kuma a kowane canji na kusa, ɗaya ake saki a kama ɗaya. An sa ta cikin Jaguar F-Type da Aston Martin da Toyota Supra ta 2019, har BMW ta bar mai kuloci biyu ta koma mata a M5 da M3 na baya-bayan nan. A ganina, idan ƙarko kawai ake magana, a hannun direba na yau da kullum, wannan ce ta fi duk sauran, har da giyar hannu. Ba wai nau'in ba ya kuskure ba: mai giya takwas ta General Motors da aka sa a Corvette daga 2015 ta yi fama da karkarwa a kulocin kullewa, kuma maganin da kamfanin ya bayar shi ne a wanke ta a zuba wani sabon nau'in mai.

Mai da zafi

Wannan ya kawo mu ga abin da yake kashe yawancin otomatik tun kafin lokacinta. A giyar hannu mai shafawa kawai yake yi. A otomatik shi ne mai shafawa, shi ne mai sanyayawa, shi ne mai tura maƙamai, kuma santsinsa ne yake ƙayyade yadda kuloci zai kama. Masana kimiyyar sinadarai suna da wani ƙiyasi: duk ƙarin zafi na digiri 10, saurin lalacewar mai ta hanyar haɗuwa da iskar oksijin yana kusan ninkawa. Shi ya sa kalmar "man har abada" da wasu kamfanoni suke rubutawa take ba ni dariya. BMW ta daɗe tana cewa ba sai an canja man giyarta ba, alhali ZF da ta ƙera giyar tana ba da shawarar a canja. Corvette samfurin C8 na 2020, wanda mai kuloci biyu kawai yake zuwa da ita babu zaɓin giyar hannu, ana buƙatar a canja matatar man giyarsa tun a mil 7,500 na farko, wato kamar kilomita dubu 12.

Ba a motocin masu kuɗi abin ya tsaya ba. A 2013 Volkswagen ta janye motoci kusan miliyan 1.6 masu DSG mai giya bakwai da busasshen kuloci, domin a yanayi mai zafi da laima da yawan tsaye-tsaye, man da ke ciki yana iya jawo matsalar lantarki a na'urar sarrafawa. Aka canja musu nau'in man. To ka tuna da watan Afrilu a Kano ko Sakkwato ko Yamai, zafi ya haura digiri 40, ga gosulo, ga ƙura ta toshe lagireto. Motar da aka auna lokacin canjin manta da yanayin Jamus ba za ta kai wannan wa'adin a nan ba.

Canjin man ma ba irin na da ba ne. Yawancinsu ba su da sandar auna mai. Ana auna shi ne inji yana aiki, man yana wani takamaiman zafi da ake karantawa a kwamfuta, kuma kowace giya da nau'in manta. Wanda ya zuba mata "jan mai" na kowa-da-kowa ya fara haƙa mata kabari. Haka jan ta da igiya tayoyi a ƙasa: famfon manta inji ne yake juya shi, idan inji a kashe yake ƙarfe ne yake cin ƙarfe. Batir mai rauni ma kaɗai yana iya sa mai kuloci biyu ta riƙa nuna alamun da za ka rantse ta mutu.

Lissafin yana juyewa idan ka tsallaka teku

A Amurka da Turai, garejin dila yana caji ne da awa, bisa wani littafi da ya ƙayyade awannin kowane aiki, kuma awa ɗaya a garejin irin waɗannan motocin ta wuce dala 100 nesa ba kusa ba. A can, canjin kulocin Corvette yana da zafi saboda awanni ne suke cin kuɗin, kuma sauke giya a sa wata yakan fi wa dila sauƙi da riba a kan ya biya ƙwararre ya kwana uku yana buɗe ta.

A wurinmu abin a kife yake. Kuɗin hannu yana da sauƙi, kaya ne suke zuwa da farashin dala, a jira su makonni. Aikin da yake buƙatar awa goma sha biyar da faifai ɗaya ba abin tsoro ba ne a nan. Akwai makanikan da za su yi shi da kyau. Abin tsoro shi ne aikin awa uku da yake buƙatar na'urar kamfani, da manhaja, da wani ƙaramin abu da babu mai sayar da shi a Afirka ta Yamma. Saboda haka mota ɗaya tak tana iya zama mai sauƙin riƙewa a Stuttgart da PDK, ta zama mai sauƙin riƙewa a Kaduna da giyar hannu, ba tare da an yi wa kowa ƙarya ba.

Kasuwa ma ta shiga zancen ta wata ƙofar. Ferrari ta daina yin giyar hannu a farkon shekarun 2010, yanzu tsofaffin masu giyar hannu sun fi 'yan'uwansu masu F1 tsada sosai. Porsche ta fitar da GT3 ta 2013 da PDK kaɗai, masu saye suka yi ca, ta yi 911 R mai giyar hannu guda 991 a 2016, sannan ta dawo da zaɓin a GT3 ta 2017. Toyota ma ta ƙara wa Supra giyar hannu a 2022. Wannan ba don ta fi gudu ba ne, PDK ta fi ta saurin canja giya da saurin tashi. Mutane ne suke son su ji suna tuƙi da hannunsu.

Idan wata rana ka tsinci kanka gaban irin wannan motar da niyyar saye, ko ƙanwarta ta kasuwar Kwatano, abin da za ka nema ya danganta da wadda ke ciki. Mai giyar hannu: a gwada ta da sanyin safiya kafin mai ya yi ɗumi, lokacin ne sinkuro mai rauni yake tona kansa, kuma idan Porsche ce a ciro tarihin wuce iyakar juyi daga kwamfuta. Mai kuloci ɗaya irin F1 ko e-gear: na'urar kamfani tana nuna kashi nawa cikin ɗari na kulocin ya cinye, kada ka yarda da "sabo ne" na baki. Mai kuloci biyu ko ZF: takardar canjin mai, da nau'in man da aka zuba, sannan a tuƙa ta har ta yi zafi sosai a cikin gari, domin sensa mai shirin mutuwa sau da yawa lafiya take nunawa a minti goma na farko. Kafin ka biya ko sisi kuma, ka nemo sunan garejin da yake da na'urar karanta wannan giyar, ka kira su ka ji ko sun taɓa buɗe irinta.